Yadda Koriyawa ke raɗa suna da yadda suke rubuta sunayen baƙi

A al'adar Koriya sunan zuri'a ne ke zuwa farko, sannan sunan yanka ya biyo baya. Tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ban Ki-moon, wanda ya riƙe muƙamin daga 2007 zuwa 2016, sunan gidansu Ban ne, kuma kuskure ne a kira shi Mista Moon. Haka ɗan ƙwallo Son Heung-min: Son ne sunan zuri'ar. Galibi sunan zuri'a gaɓa ɗaya ne, na yanka kuma gaɓa biyu, ko da yake akwai 'yan tsirarun sunayen zuri'a masu gaɓa biyu kamar Namgung da Hwangbo.

Sunayen zuri'ar ba su da yawa. Ƙidayar 2015 a Koriya ta Kudu ta nuna cewa masu suna Kim sun haura kashi 21 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, wato sama da mutum miliyan goma. Idan aka haɗa da Lee da Park, adadin ya kusa kashi 45. Abin da ke bambanta su shi ne garin da kakan farko ya fito, wanda suke kira bon-gwan. Kim na Gimhae daban yake da Kim na Gyeongju. Lamarin ba na tarihi kaɗai ba ne, domin doka ta daɗe tana haramta aure tsakanin masu suna ɗaya da asali ɗaya, har sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 1997 cewa haramcin ya saɓa wa tsarin mulki, aka gyara dokar a 2005. Mace kuwa ba ta canza sunan mahaifinta bayan aure.

Rubuta waɗannan sunaye da haruffan boko yana da rikici. Suna guda ne ake rubutawa Lee, Yi ko Rhee, alhali a Kudu ana furta shi “I” kawai, a Arewa kuma “Ri”. Park ma furucinsa ya fi kusa da “Bak”. Gwamnati ta fito da sabon tsarin rubutu a 2000, amma iyalai da yawa sun riƙe yadda suka saba.

Wajen rubuta sunayen baƙi kuwa, haruffan Hangul ne ke yin hukunci. Sarki Sejong ya ƙirƙiro su a 1443, aka ƙaddamar da su a 1446, kuma a yau 24 ake amfani da su a matsayin tushe: baƙaƙe 14 da wasula 10. Ƙa'idar da aka kafa a 1986 ta tanadi a bi furucin sunan a harshensa na asali, gwargwadon abin da Hangul zai iya ɗauka. Sai dai harshen ba shi da sautin f, v da z, don haka f kan koma p, v ta koma b, z ta zama j. Fatima kan zama Patima, Zariya ta zama Jaria, Victor kuma Bikteo. Baƙaƙe ba sa cunkushewa a farkon gaɓa, kuma ba kowane baƙi ke iya rufe ta ba, saboda haka ake cusa wani gajeren wasali da ake rubutawa “eu”. Da shi Trump ya zama Teureompeu, gaɓa uku, Muhammad kuma Muhammadeu. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma haka ya samar da Faransa da burodi. Sunaye irin su Kano, Abuja, Buhari da Tinubu suna shiga ba tare da wahala ba, amma ɓ, ɗ da ƙ ba su da takwara, sai a rubuta su da sautin da ya fi kusa.

Akwai ƙasashen da ba a bi furucinsu ba, domin sunayensu sun shigo ta haruffan Sin: Amurka ita ce Miguk, Birtaniya Yeongguk, Jamus Dogil. Sunayen Sinawa kuma an raba su a kan juyin juya halin 1911. Waɗanda suka gabace shi ana karanta su da furucin Koriya, na baya da furucin Sinanci. Koriya ta Arewa ta riƙe tsohon salon, shi ya sa take kiran Shugaba Xi Jinping da Seup Geun-pyeong.

Batun ya shafi ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan Najeriya da ke zaune a can, domin suna ɗaya da aka rubuta iri biyu a takardun hukuma yakan kawo cikas wajen tantance mutum a banki ko wajen mallakar layin waya. A watan Agustan 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Koriya ta Kudu ta sanar da shirin daidaita rubutun, inda sunan iyali zai riƙa zuwa farko ko da na baƙo ne. Wanda ya karɓi shaidar zama ɗan ƙasa kuwa yana iya neman izinin kotu ya kafa sabon sunan zuri'a da nasa bon-gwan. Haka Bajamushe Bernhard Quandt ya zama Lee Charm, asalin zuri'arsa kuma Jamus, kuma a 2009 aka naɗa shi shugaban Hukumar Yawon Buɗe Ido ta ƙasar.