Sashen Haihuwa na Babban Asibitin Jahun

Sashen Haihuwa na Babban Asibitin Jahun cibiyar kula da masu juna biyu ce a garin Jahun, cikin masarautar Dutse, jihar Jigawa. Tun shekarar 2008 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ke tafiyar da shi tare da Ma'aikatar Lafiya ta jihar.

Ana karɓar haihuwa, ana yin tiyatar ciro jariri, ana ƙarin jini, ana kuma jinyar masu jijjiga da doguwar naƙuda. Akwai ɗakin jarirai, inda ake kwantar da bakwaini, da ɓangaren aikin yoyon fitsari. Ayyukan kyauta ne, shi ya sa mata ke zuwa daga ƙauyuka masu nisa har da maƙwabtan jihohi.