Goro da Fataucin Gwanja

Bishiyar goro ta kurmin Afirka ta Yamma ce, daga Saliyo da Laberiya zuwa Kwaddebuwa da Gana, inda ruwan sama ke da yawa, ƙasa kuma ba ta rabuwa da danshi. Dangin bishiyar koko ce. Ganyenta ba ya kaɗewa da rani, tsayinta kan kai mita 12 zuwa 20, kuma ba ta soma haihuwa sai ta shekara bakwai ko fiye. 'Ya'yan suna fitowa cikin kwasfa, kowanne lulluɓe da farin ɓawo wanda sai an jiƙa shi kafin a saɓule. Iri biyu aka fi sani: Cola nitida, mai rabewa gida biyu, fari ko ja, da Cola acuminata, wato hannunruwa, mai rabewa uku zuwa shida. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro shi ke korar barci da gajiya, ya kuma danne yunwa.

Bishiyar ba ta yi a ƙasar Hausa, amma goro ya daɗe da samun gindin zama a cikinta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 fataucin ya bunƙasa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata da busasshiyar albasa. A ƙetare Kwara, a ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, a bi Yandi har Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron ƙasar Asante ke sauka. Zuwa da komowa kan ci wata shida ko fiye, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi.

Wahalar kayan ita ce goro ba ya son busasshiyar iska. Sai a jera shi cikin ganyen fita, a ɗaure huhu, a riƙa yayyafa ruwa. A zango kuma a kwance, a tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata saura. Shi ya sa tsadarsa ke ninkuwa kafin ya iso Kano, ya zama abin cin sarakuna da attajirai. Da ƙwarya ake ƙirga shi, wato guda ɗari, daushe kuwa, wanda ya kwana biyu a ajiye, ya fi sabon ɗiba daraja.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Fatake suka koma Kete Karachi da Kintampo, wasu suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko, cikinsu har da Alhassan Ɗantata. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, zamanin ayarin jakuna ya ƙare. Manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin na Gwanja, wato Cola nitida, a Agege da Shagamu, dillalan Hausawa kuma suka zauna a unguwannin Sabo suna turo shi arewa.

Araha ta kai goro bakin talaka. Yau da shi ake gayyata, shi ake rabawa a ɗaurin aure da raɗin suna, shi ake miƙa wa baƙo da dattijo. Mafi yawan wanda ake ci a Arewacin Najeriya da Nijar daga kudu maso yammacin Najeriya da Gana yake zuwa, kasuwar Mariri ta Kano kuma na cikin manyan wuraren saukarsa.