Dihe, Koren Abincin Matan Kanem

A yankin Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa. A cikinsu wata irin gansakuka take yaɗuwa har ta rufe saman ruwa, kore shar. Ita ce yau ake ɗurawa a kwalabe ana sayarwa a kantunan magani da sunan spirulina. Matan Kanembu kuwa dihe suke ce mata, kuma tun kaka da kakanni da ita suke miya.

Aikin na mata ne. Sukan shiga ruwa da ƙwarya ko kwano su kwashi koren da iska ta tara a gefe, su haƙa ɗan rami mai faɗi a cikin yashi, su juye. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta ƙarasa sauran. Kafin ya bushe ƙayau sai a yanyanka shi, a kai kasuwa. A gida uwargida ta daka, ta jiƙa, ta tace yashin da ya maƙale, ta kaɗa miyar da za a ci tuwon gero da ita.

Turawa sun makara. A 1940 wani masani Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi rubutu a kan dihe, ba wanda ya kula. Sai a 1964 da Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, aka dawo da bincike. Awo ya nuna fiye da rabin nauyin busasshiyar dihe furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma kada masu talla su ruɗi kowa: yawancin bitamin B12 da ke cikinta jikin mutum ba ya amfana da shi.

Mutanen Aztek na ƙasar Meziko ma sun ci irinta daga Tafkin Texcoco, har al'adar ta ɓace bayan zuwan Sifaniyawa. A can Meziko ɗin ne aka kafa babbar masana'antarta ta farko a shekarun 1970.

A Kanem sana'ar ba ta yanke ba. Abin takaici, da wuya a ga sunan yankin a jikin kwalba, alhali har gobe mata na shiga Tafkin Kossorom, ɗaya daga cikin tafkunan yankin, da kwanukansu, kuɗin dihe kuma hannunsu yake shiga.