Kwana biyu a gindin Dogon Dutsi

A taswira da allunan bakin hanya an rubuta Dogondoutchi, haruffa goma sha biyu a manne kamar sunan magani. Kalmomi biyu ne na Hausa, dogo da dutsi. Ƴan ajinmu da yawa suna ɗauka Bafaranshe ne ya ɓata sunan, amma a nan kam ba shi da laifi sosai: a Hausar yamma, "ts" in ta zo kafin "i" takan koma kusa da "c" mai ƙarfi, sai ka ji "dutci". Abin da kunnensa ya ji a bakin Arawa shi ya rubuta. Wannan ƙaramin abu ne ya sa na nace cewa tafiyarmu ta ƙarshen sati, mu takwas, can za ta nufa.

Daga Yamai kusan kilomita 275 ne, kwalta duka, ta Doso. In mun shiga kar da asubahin Asabar, kafin azahar mun sauka. Lahadi da la'asar mu juyo, don Litinin akwai darasi. Kwana biyu kenan, ba su ma cika ba, kuma a kansu gardama ta tashi.

Rabinmu Lugu suke so. Ban ga laifinsu ba. Tun muna lakkwal muke jin sunan Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, lokacin da suke ratsa ƙasar zuwa tafkin Cadi suna ƙone garuruwa. Bayan Lugu sun auka wa Birnin Ƙwanni, kuma a watan Yuli na shekarar, wajejen Tasawa, sojojinsu da kansu suka kashe su duka biyun. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: Sarauniyar da ke kanmu ta littafin Abdoulaye Mamani ce na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986 wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Aiki ne mai kyau, sai dai ƙagaggen labari ne, kuma littafin da Faransanci aka rubuta shi. A Lugu, Sarauniya sarauta ce ta addinin Azna da mata suka yi ta gada, kafin Mangu da bayanta, kuma mutanen garin suna da nasu labarin, suna da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara ya yanke hukunci. Irin wannan wuri ba a shigarsa da gudu a ɗau hoto a fita. Ga hanyar ba kwalta, ga halin tsaro a arewacin jihar Doso wanda duk mai sauraron rediyo ya san shi. Ni ra'ayina a bar Lugu sai babban hutu, da ɗan gari a gaba, da izinin masu wurin.

To me za a gani a Dutsin kansa? Tsaunuka jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai a bakin Dallol Mauri, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun da daɗewa, inda ruwa ke kusa da ƙasa. Shi ya tara mutane a nan: rijiya ba ta zurfi, dutse kuma mafaka ne ranar hari. Wanda ya hau sama da sassafe zai ga kwarin ya miƙe kudu da arewa, ya gane dalilin zaman garin ba tare da malami ba.

Abin da ya fi ja na shi ne sunan ƙasar. Arewa ake ce mata, kuma ɗan Kano ko ɗan Maraɗi in ya ji sai ya zaci kusurwa ake nufi. Mutanenta Arawa ne, ɗaya Ba'are, Zabarmawa kuma suna ce musu Mauri. Labarin baka ya danganta sunan da Ari, ɗan sarkin Barno, wanda ya zo ya auri ɗiyar masu ƙasa a Bagaji, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Ko an yarda da labarin ko ba a yarda ba, ya nuna yadda aka raba iko: ƙasa da tsafinta na mutanen farko, su Baura na Bagaji da Sarauniyar Lugu, sarauta kuma ta baƙin da suka zo daga baya. Matankari, ɗan nesa kaɗan arewa da Dutsi, nan ne tsohuwar fadar Sarkin Arewa. Dogon Dutsi ya sha gabanta ne a zamanin Nasara, da bariki da babbar hanya.

Akwai kuma batun iyaka. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta ja layi ta tsakiyar Dallol Mauri, sannan ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. A takarda an tsaga ƙasar Arawa biyu. Faransawa suka ga an bar musu hanya marar ruwa zuwa Damagaram, suka matsa, aka gyara a 1904 da 1906. Duk da haka har yau akwai Arawa a jihar Kabi ta Najeriya, a Arewa Dandi, wajen Kangiwa. Da layin farko ya zauna, da wasu daga cikinmu da Ingilishi suke karatu yanzu, suna mana dariyar "ou" da "tch".

Shi ya sa na ce mu tafi da kunnuwa. Tsofaffin da ke cewa "tahi" da "hwaɗi" da "hura", waɗanda suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu, raguwa suke yi kowace shekara, yara kuma Hausar fina-finan Kano ke shiga bakinsu. Awa biyu da tsoho ɗaya, in ya yarda a ɗauki muryarsa a waya, ta fi mini hoto ɗari a kan dutse.

Ga yadda muka tsayar a ƙarshe, bayan an sha shayi zagaye uku. Asabar da rana gaisuwa, da goro, ta hannun ƴar ajinmu wadda iyayenta ke can. Da yamma hira da tsofaffi biyu da suka amsa. Lahadi hawan dutse kafin rana ta yi zafi, sannan Matankari in mutanen gida sun ce hanya lafiya. Kowa ya zo da katin ɗan ƙasa saboda shingayen hanya, da takalmin da ba silifa ba. Masu son Lugu sun yarda, amma da sharaɗin a rubuta a littafin ƙungiya cewa ana bin mu bashi.