Ina karin waƙoƙin tashe ya shiga?

A Ingila da Amurka akwai masu tono tsofaffin wasannin dandamali masu waƙa, su tara makaɗa su sake naɗar su. Su dai suna da takardun da aka rubuta kiɗan a ciki. Mu fa?

Namu wasan mai waƙa shi ne tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi, a lungunan Dutsin-Ma da Kurfi kamar ko'ina a ƙasar Hausa: ga shiga, ga kwaikwayo, ga amshi. Baitocin sun shiga littattafai, amma takarda ba ta riƙe karin murya. Masu naɗar sauti na shekarun 1960, irin su David Ames, makaɗan fada da na sana'a suka fi bi. Wa zai ɓata faifai a kan yara?

Sai kaset, wanda Philips ya fitar a 1963. Garin tsatsar ƙarfe ne aka liƙa a siririyar leda, zafi da laima kuma cin gam ɗin suke. In kun tsinci irinsa a adakar kaka, kada ku yi ta juya shi a rikoda. Kunnawar farko a kwafe shi a kwamfuta. Inda babu kaset, a kai waya bakin tsohuwar da ta yi Mairama tana yarinya.