Daga Kadan Kaduna Zuwa Kududdufan Birnin Zariya

Masu nutso a teku suna da jerin halittun da suke tsoro. Akwai barakuda, doguwar kifi mai haƙora kamar tsinin mashi, wadda ƙyallin zobe ko agogo kan ruɗe ta ta kai sara, ta ɗauka ƙaramin kifi ne. Bazazzagi zai ce wannan matsalar mutanen Legas ce, tun da tsakaninmu da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Amma ruwanmu ma yana da nasa sarakunan, kuma tarihin zamanmu da su ya daɗe.

A fara da kada. Kogin Galma da ke gabashin Zariya cikin Kogin Kaduna yake zuba, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sunan Kaduna daga kadduna ya fito, wato jam'in kada. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta bakin wannan kogi a 1917, a ƙasar Zazzau suka sauka, garin kuma ya gaji sunan dabbar. Shi ya sa sarautar Sarkin Ruwa ba ta ado ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, al'ada ita ce Sarkin Ruwa ya fara tabbatar da lafiyar Matan Fada kafin dubban masunta su faɗa da homa da gora. UNESCO ta sanya bikin cikin kayan gadon duniya a 2016.

Bayan kada, masunta sun san wasu. Tsage, mai haƙora a waje ko baki na rufe, ita ce barakudarmu. Ƙurungu ƙayarsa ke huda hannu. A Binuwai akwai kunamar ruwa, mai kwanciya cikin yashi da dafi a wutsiya, wadda masana kimiyya ba su rubuta bayaninta ba sai 1962, a Garwa ta Kamaru. Sai minjirya, kifin da ke sakin lantarki har sama da volt 300. Misirawan dā sun zana ta a bangon kaburbura fiye da shekara 4,000 da suka wuce, Larabawa suka kira ta ra'ad, wato tsawa, kuma malamin nan Abdullaɗif al-Bagdadi ya bayyana yadda take girgiza mai taɓa ta wajen shekarar 1200. Ke nan masuncin Galma ya san jan lantarki tun kafin a kafa turken wuta ko ɗaya a Nijeriya.

Sai dai abin da ya fi cutar da yaran birni ba ya da haƙori. Zariya da ƙasa aka gina ta: ganuwa, da zaurukan unguwanni, da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Duk inda aka haƙi ƙasar gini rami ya rage, damina ta cika shi, ya zama kududdufi. Nan yara ke koyon iyo, nan kuma ƙananan dodon-koɗi ke hayayyafa, waɗanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar kan fito cikin ruwa ta ratsa fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, ta girma a jijiyoyin mafitsara, sai a ga yaro yana fitsarin jini. A wurare da yawa an daɗe ana ɗaukar hakan alamar balaga, alhali cuta ce da kan lalata mafitsara da ƙoda idan ta daɗe. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da rawar dodon-koɗi a 1915. Maganinta, praziquantel, ya samu tun shekarun 1970, kuma ana raba shi kyauta a makarantu.

Akwai shaidar cewa irin wannan yaƙi ana cin sa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya bi ƙauyuka tare da Cibiyar Carter yana kira a tace ruwan sha. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013.

Kadduna sun ja da baya, kurkunu ya tafi, tsargiya tana nan. Duk uban da ya ga jini a fitsarin ɗansa bayan wankan kududdufi, asibiti zai nufa da shi, a duba sauran yaran gidan ma, domin ruwa ɗaya suka shiga.