Masu Zanen Gari a Jega da Aliero da Maiyama

Zanen gari, wato a zana kasuwa ko fadama ko bakin gulbi a takarda ko a yadi domin a rataye a bango, ba ya cikin sana'o'in gado na ƙasar Gwandu, don haka ba shi da sarki kamar ƙira ko jima, kuma akasarin masu yin sa a Jega da Aliero da Maiyama malaman makaranta ne da ɗalibai da yaran shagunan buga takardu, waɗanda ke ɗaukar burushi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Tun kafin zuwan Turawa akwai zayyana, adon da ake yi wa allon ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, akwai kuma zanen da magina ke fitarwa a fuskar soro, amma dukansu layuka ne da kusurwoyi da dagi, ba sa kwaikwayon abin da ido ke gani. Dalili sananne ne: malamai sun tsananta a kan suranta abu mai rai, sun sassauta a kan bishiya da gini da ruwa. Wannan hukunci yana nan a hannun masu zanen yau, shi ya sa ake yawan ganin mutane a zanensu daga nesa ko ta baya, fuska ba ta fito sosai ba.

Ainihin uban sana'ar shi ne mai rubuta allunan shaguna da zanen motoci. Jega tsohuwar kasuwa ce tun ƙarni na 19, kuma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora ta ratsa wannan yanki, saboda haka manyan motoci masu bodin katako suka zama allunan da jama'a suka saba ganin hoto mai launi a kansu: zaki, dawisu, dabino, masallaci, jirgin sama. Yaro yakan fara da wanke burushi da kananzir, ya koyi ja layi da zare da alli, ya daɗe a kan haruffa kafin maigida ya bar shi ya taɓa hoto. Fentin mai ake amfani da shi, irin na ƙofa da taga, kuma da yake launukansa kaɗan ne, haɗa su da ido shi ne rabin gwaninta. Aiki ya yawaita a siyasar 1979, ya ƙara yawaita bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, lokacin da ofisoshi da makarantu suka buƙaci sababbin alluna. Sai dai akwai abin lura: idan aka ce wa irin wannan gwani ya zana fili a bangon shagon aski ko a labulen ɗakin ɗaukar hoto, duwatsu masu ƙanƙara da gangaren ruwa yake kwafowa daga kalandar ƙasashen waje. Gonar albasar da ke bayan gidansa ba ta kai abin zanawa ba a idonsa, haka ma a idon mai biyansa.

Tunanin cewa gida ya cancanci zane ya yi ƙarfi ne a Zariya. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta yi kira a haɗa dabarun Turai da al'adun gida. Onobrakpeya ya shahara a bugun zane, wato sassaƙa hoto a faranti ko katako a shafa tawada a fitar da kwafi da dama. Akasarin waɗannan ɗalibai 'yan kudu ne, kuma abin da ya iso makarantun Kebbi daga wannan yunƙuri ta hannun malaman zane bai taka kara ya karya ba, domin iyaye ba su ɗauki darasin da muhimmanci ba.

Bayan shekarar 2000 injin buga bana, mai fitar da hoto daga kwamfuta a kan leda mai faɗi, ya karya kasuwar masu alluna, domin aikin kwana uku ya koma na sa'a guda. Wannan injin da danginsa su ne kuma suka ba mai zanen sha'awa abin da bai taɓa samu ba, wato ya sayar da zane ɗaya sau da yawa. Yana ɗaukar hoton aikinsa da waya a inuwa, ya aika wa mai injin a Birnin Kebbi ko Sakkwato, a buga a takarda mai kauri ko yadi. Matsalar da kowa a sana'ar ya sani ita ce launi: fuskar waya da haske take nunawa, inji kuwa da tawada, don haka jan albasar Aliero mai shuni-shuni yakan fito kamar ƙasa-ƙasa, sai an yi gwaji a ƙaramar takarda tukuna. Al'adar Turai ta ƙayyade yawan kwafi a rubuta lamba da sa hannu a ƙasan kowanne ba ta kama ba, tunda mai saye bai ga dalilin biyan ƙari ba, kuma hoton da ya shiga intanet kowa na iya bugawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana hakan a rubuce, amma wanda ribarsa ba ta wuce kuɗin fenti ba ba zai ɗauki lauya ba.

Ciniki a Facebook da WhatsApp da Instagram ake ƙulla shi, a biya kafin alƙalami ta waya, a naɗe hoton cikin bututun roba maimakon firam mai gilashi, a ba direba a tasha tare da lambar mai karɓa. Masu saye galibi 'yan ƙasa ne da ke zaune a Abuja ko Legas, da waɗanda suka yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, domin wanda ke ganin rudun albasa kullum, wato rumfar kara da ake adana ta, ba ya sayen hotonsa. Baƙo kuwa Argungu ya sani, musamman tun da UNESCO ta sanya bikin kamun kifinta cikin jerin al'adun duniya a 2016, saboda haka hoton masunci da gora da homa a kogin Matan Fada ya fi kowane hoto tafiya. Masu zane na Jega da Maiyama sukan bi kasuwa su zana shi daga hotunan jarida, alhali lodin buhunan albasa da shanyar shinkafa a gefen titi, waɗanda suka fi kowa sanin haskensu da ƙurarsu, sai ɗan gari ya nema da kansa ake zana su.